Ba a Kyauta da Kayan Wani: Haƙƙin Ɗan Adam da Tsayar da 'Yan Takara

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan reshenmu ya gabatar a taron wayar da kan mambobi da iyalansu





An ɗora mini nauyin yin magana a kan tambaya guda: shin ya dace jam'iyya ta kau da kai daga batun haƙƙin ɗan Adam idan ta zo tsayar da ɗan takara, muddin tana ganin shi ne zai ci mata zaɓe? Na san a ɗakin nan akwai magoya bayan jam'iyyu daban-daban, wani ma jam'iyyarsa daban ta matarsa daban. Saboda haka ba zan tallata kowa ba, ba kuma zan kushe wani mai neman kujera a yau ba. Misalaina daga tarihi zan ɗebo su, domin tarihi ya riga ya yanke hukuncinsa.

Zan fara daga nan ƙofar gidanmu. Da yawanku kuna tune da watan Yuni na shekarar 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da 'yan sanda suka shiga wani kamfanin sarrafa shinkafa a rukunin masana'antu na Challawa suka fito da leburori fiye da ɗari. A cewar leburorin, kusan wata uku suka yi a kulle, ba fita ba ganin iyali, bayan an yi musu alkawarin ƙarin kuɗi, an kuma shaida musu cewa wanda ya fita ya rasa aikinsa. Ɗaya daga cikinsu ne ya samu ya kira masu kare haƙƙin ɗan Adam ta waya, maganar ta kai ga hukuma, aka buɗe ƙofa. Irin waɗannan leburori su ne iyayen yaran da muke koyarwa a Panshekara da Kumbotso da Sharaɗa da kewaye. Idan na ce haƙƙin ɗan Adam, wannan nake nufi: mutum ya iya komawa gidansa da daddare, kada a doke shi, kada a tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, ya faɗi abin da ke damunsa ba tare da fargaba ba, in an zalunce shi ya sami inda zai kai kuka.

To, ranar da lebura ya ɗaga waya ya kira, wa zai sa a amsa ko a yi shiru? Mutanen da jam'iyyu suka tsayar muka zaɓa. Kundin tsarin mulki na 1999 bai buɗe wa kowa ƙofar tsayawa takara da ƙashin kansa ba. Sashe na 177 ya ce mai neman gwamna sai ya kasance ɗan jam'iyya kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Sauran sharuɗɗan kuwa masu sauƙi ne: haihuwar ƙasa, shekara 35, da karatu zuwa matakin sakandare. Sashe na 182 ya hana wanda ya yi takardun jabu, ko ɗan ƙungiyar asiri, ko wanda kotu ta kama da laifin rashin gaskiya cikin shekara goma. Amma mutumin da duk unguwa ta san yana kiwon 'yan daba, ko ya saba sa a ɗaure masu sukarsa, muddin kotu ba ta yanke masa hukunci ba, doka ba ta tare masa hanya ba. Idan kuwa ya hau kujerar gwamna, sashe na 308 zai lulluɓe shi da rigar kariya har ya sauka. Kenan rariyar da ta rage ita ce jam'iyya. Ranar babban zaɓe, abin da aka riga aka tace mana shi muke tararwa a takardar ƙuri'a.

Kada a ɗauka na zo in ce sassauci haramun ne a siyasa. Wanda ya ce haka bai san siyasa ba, bai kuma san tarihin malamin da muke alfahari da shi ba. Malam Aminu Kano namu ne kafin ya zama na 'yan siyasa: ya koyar a Midil ta Bauchi, ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda ya zo ya shugabanta, ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe alhali ba a komai suka yi tarayya ba. Malam ya ci zaɓen majalisar tarayya a 1959, ya kuma karɓi muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin soja ta Janar Gowon. Duk wannan sassauci ne, an kuma soke shi a kansa tun yana raye. Amma akwai abubuwan da bai taɓa sawa a faifan ciniki ba. Bai yarda a ci gaba da yi wa talaka bulala da aikin tilas ba. Bai janye daga neman a ba matan Arewa ƙuri'a ba, ko da yake wannan matsayi ya jawo wa jam'iyyarsa zagi a lokacin da yin shiru zai fi kawo mata farin jini. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan gwagwarmaya, kuma sai a 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, kafin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da ita. Malamai mata da ke zaune a nan, ƙuri'ar da ke jakarku gadon wannan taurin kai ne.

Haka kuma ƙin sassauci a inda ya kamata a sassauta yana da nasa ɓarna. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979. Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, kuma a 1980 gwamnatin Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata ta ɗaya ga Mayu tun kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Amma ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, a kan wa za a yi hulɗa da shi da wa ke da ta cewa a jam'iyya. Majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. Ranar 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983 gidan bai haɗu ba. Da 'yan gida ɗaya sun iya haƙuri da juna a kan dabarun tafiya da shugabanci, wataƙila da talakan Kano ya fi haka morewa.

Idan haka ne, ina iyakar take? Ni dai ga yadda na auna. Mutum yana da ikon yafe abin da ya mallaka. Jam'iyya ta mallaki kujerunta, da rabon muƙamanta tsakanin shiyyoyi, da jerin ayyukan da za ta fara da su, da wanda za ta yi ƙawance da shi. A kan waɗannan ta yi ciniki yadda ta ga dama: wani ya janye wa wani, a kai mataimaki wata shiyya, a jinkirta gada a fara da asibiti. Amma kan ɗan jaridar da aka fasa ba mallakar jam'iyya ba ne. Watannin da wani ya yi a tsare ba shari'a ba nata ba ne. Filin makarantar da aka yanka aka sayar ba nata ba ne. Idan shugabannin jam'iyya suka zauna a ɗakin otal suka ce, "Mun san abin da ya yi, amma shi ke da kuɗi da jama'a, a bar maganar," sun yi kyauta da kayan wani. Masu kayan ba a gayyace su zaman ba, kuma su ne za su sake biya idan mutumin ya sami iko fiye da na da.

Ƙasar nan ta taɓa ganin ƙarshen wannan hanya, kuma da yawanmu muna aji muna koyarwa a lokacin. A zamanin Janar Sani Abacha an yi wa jam'iyyu biyar rajista: UNCP da DPN da CNC da NCPN da GDM. Kafin ƙarshen watan Afrilu na 1998, dukkansu biyar sun tsayar da mutum guda, shi shugaban ƙasa na soja, a matsayin ɗan takararsu. Daga nan kalmar "tazarce" ta shiga bakin kowa. Na san Abacha ɗan Kano ne, a nan aka rufe shi, kuma har gobe akwai masu tuna shi da magunguna da gyaran makarantun da asusun PTF ya yi. Ban zo in musa wannan ba. Ga dai abin da jam'iyyun biyar suka sani ranar da suke ɗaga hannu. Sun san an rushe shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta NLC a 1994 an naɗa mata kantoma. Sun san Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan man fetur yana tsare tun wannan shekarar ba shari'a. Sun san an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Sun san an haramta ƙungiyar malaman jami'o'i a 1996. Sun san Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997, kuma Abiola yana kulle. Babu wanda ya jahilci ko ɗaya daga cikin waɗannan. Lissafi kawai suka yi: ga inda iko yake, mu raɓe shi mu tsira da kujerun majalisa da na gwamnoni.

An sami waɗanda suka ƙi. Alhaji M.D. Yusufu, mutumin Katsina, tsohon sufeto janar na 'yan sanda, ya fito neman takara a GDM yana sane da haɗarin da ke ciki, ya kai maganar har babban taron jam'iyyar a Maiduguri. Wasu 'yan siyasar Arewa su goma sha takwas suka rubuta wa Abacha takarda cewa kada ya tsaya, daga baya suka zama talatin da huɗu daga ko'ina a ƙasar, ƙarƙashin Dokta Alex Ekwueme. An tsare Abubakar Rimi da Sule Lamido a kan haka. A idon masu lissafi, waɗannan mutane sun yi asarar gaba ɗaya. Sai Allah ya yi wa Abacha rasuwa ranar 8 ga Yuni, 1998, kuma a watan Yuli gwamnatin Janar Abdulsalami ta rushe jam'iyyun nan biyar. Yau ko ɗalibin da ke karanta tarihi da ƙyar zai kawo sunayensu. Waɗanda suka ƙi kuwa, daga cikinsu aka gina jam'iyyar da ta karɓi mulki a 1999. Ba na cewa kullum haka take ƙarewa. Sau da yawa mai gaskiya yakan faɗi zaɓe ya koma gida babu wanda ya tuna da shi. Abin da nake so a riƙe shi ne, ko ta fuskar lissafin ma, jam'iyyar da ta miƙa wuyanta ga wanda ba ya jin tsoron taka mutane ba ta da tabbacin komai, don ita ce ta farko da zai taka in ta ɗaga kai.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin masu ganin a sassauta, domin ba dukkansu ne mutanen banza ba, wasu abokan zamanmu ne a ɗakin malamai.

Na farko yakan ce, "In ba mu ci zaɓe ba, wa za mu taimaka? Gara mu ci da mai tabo da mu faɗi da mai tsarki." Maganar tana da nauyi, tun da wanda ba ya kan kujera ba ya biyan albashi. Amma tana ɗauka cewa bayan an ci, jam'iyya za ta iya riƙe linzaminsa. A tsarinmu gwamna shi ne jagoran jam'iyya a jiharsa; shi ke naɗa kwamishina, shi ke sakin kuɗi, kuma galibi 'yan majalisar da za su taka masa birki da yardarsa suka sami tikiti. Wanda ba a iya gaya masa gaskiya ba yana roƙon tikiti, yaya za a gaya masa yana da rigar kariya? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyu yakan ce, "Duk kanwar ja ce, babu mai tsarki." Gaskiya ne ba mala'ika muke nema ba. Amma mu da muke duba jarrabawa mun san akwai tazara tsakanin yaron da ya sami arba'in da wanda ya shigo da wuƙa ya ƙwace takardar ɗan'uwansa. Mai jinkirin cika alkawari daban, mai sa a zubar da jini daban. Wanda ya haɗa su a kwando ɗaya, na biyun ya yi wa aiki.

Na uku yakan ce, "Zargi ba hujja ba ne." Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, saboda shi ma ɗan takara ɗan Adam ne, kuma sashe na 36 ya ce ba a ɗaukar mutum mai laifi sai an tabbatar. A zamanin nan na Facebook ana iya ɓata mutumin kirki kafin azahar. Saboda haka wajibi ne jam'iyya ta bincika, ta kira mutum ya kare kansa, ta yi watsi da jita-jita. Sai dai hana tikiti ba ɗauri ba ne. Idan muna neman shugaban makaranta, ba ma jiran sai kotu ta kama mutum kafin mu ce wannan hannunsa ya cika sauri a kan yara, a ba wani. Amanar jiha ba ta kai ta makaranta guda ba?

Na huɗu yakan ce, "Wannan magana ta Turawa ce." Gaskiya ne a ranar 10 ga Disamba, 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwarta kan haƙƙin ɗan Adam, kuma akwai abubuwan da ake cusawa da wannan suna waɗanda al'ummarmu ba ta karɓa ba. Amma hana zalunci bai jira 1948 ba. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya rubuta masa littafi a kan wajiban mai mulki, adalci na kan gaba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya jera halayen azzaluman sarakuna, har da cin dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a nan Kano don shiryar da masu hukunci. Wanda ya ce kare raunana baƙon abu ne a ƙasar Hausa, nasa tarihin ne bai karanta ba.

Akwai kuma mai cewa mutum yana tuba. Haka ne, kuma ƙofar a buɗe take. Amma malamanmu sun koya mana cewa tuba daga haƙƙin bayi tana da sharaɗin mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko neman yafewarsa. Wanda ya amsa abin da ya yi, ya nemi waɗanda ya cuta, ya sallami yaran da yake ba ƙwaya da makami, to a dube shi. Sauya hula da sauya jam'iyya kaɗai ba tuba ba ne.

Na ambaci yaran, bari in tsaya a kansu kaɗan, don a nan ne abin ya fi taɓa mu. Makarantunmu su ne rumfunan zaɓe, da yawanmu kuma mun yi aikin zaɓe. Wata shekara ina zaune a kan teburin ƙuri'a a wata makaranta, sai ga gungun matasa da sanduna da barandami. Wanda ke gaba yarona ne, na koyar da shi lissafi shekara biyu, yaro mai kaifin kai. Da muka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, don Allah ka tashi ka tafi." Na tashi. Har yau ban san wanda ya aiko su ba, amma na san wani ne ya biya, kuma wasu ne suka zauna suka ce mai biyan ya dace da takara. Shekara shida muna gina yaro, a rushe shi a yini guda da 'yan kuɗin da ba su kai na buhun masara ba.

Me za mu iya yi? Ƙungiyarmu ba jam'iyya ba ce, kada kuma mu bari a mayar da ita haka, kada mu kai siyasa cikin aji. Amma sashe na 40 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiya da jam'iyya, kuma a shari'ar da Balarabe Musa da wasu suka yi da hukumar zaɓe, wadda Kotun Ƙoli ta ba da dalilan hukuncinta a 2003, kotun ta soke tanadin da ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan jam'iyya. Ban da haka, waɗanda ke zaɓen fidda gwani ba daga sama suke faɗowa ba. Maƙwabtanmu ne, surukanmu ne, da yawansu mun riƙe musu hannu sun koyi rubutu. Shugaban jam'iyya na mazaɓa yana jin kunyar malaminsa. Mu yi amfani da wannan kunya tun kafin a tsayar da mutum, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan sun zo gaishe mu, ko mu mun je wurinsu, ga tambayoyi huɗu da za mu yi musu a kan duk wanda suke so su tsayar. Lokacin da ya riƙe wani iko, ko na kansila ne ko na kamfani, yaya ya yi da waɗanda ke ƙarƙashinsa, ya biya su haƙƙinsu a kan kari? Me ya sami wanda ya taɓa sukarsa a fili? Su wane ne ke bin motarsa, kuma me suke riƙe da shi? Ya taɓa bin umarnin kotu a ranar da hukuncin bai yi masa daɗi ba? Waɗannan ba sa bukatar digiri, kuma amsoshinsu suna nan a unguwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ina kuma ba shugabannin reshe shawara: duk ɗan takarar da ya nemi zama da mu, a karɓe shi da mutunci ko daga wace jam'iyya yake, amma kada zaman ya tsaya a kan ƙarin girma da kuɗin hutu da giratuti. Waɗannan haƙƙinmu ne, za mu neme su. Sai dai in muka karɓi alkawarin albashi muka yi shiru a kan leburan da aka kulle, ko ɗan jaridar da aka ɗauke, ko mazauna bakin kogin Challawa da ke fama da dagwalon masana'antu, to mu ma mun yi irin cinikin da muke zargin jam'iyyu da shi. Gwamnatin da ta naɗa wa NLC kantoma a 1994 ba da ƙungiyoyin ƙwadago ta fara ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Amsata ga tambayar da aka ba ni ke nan. Jam'iyya ta sassauta a kan abin da yake nata, kuma sau da yawa hakan shi ne hikima. Abin da yake na lebura da maraya da ɗalibi da mai sukar gwamnati kuwa, ba ta da hurumin yafe shi, ko da za ta faɗi zaɓe. Wanda ya ga na yi kuskure, ga ni nan a zaune bayan an tashi, kuma shafin wasiƙu na jaridar reshe a buɗe yake.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa da tausayin na ƙasa da su, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.